Mutumin Da Ke Cikin Rijiya

Bagwai, ranar Laraba.

Zuwa ga amaryata Ramlat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai, kuma abincin jami'a bai ƙara ramar min da ke ba. Mu nan lafiya lau. Tumatir ya yi kyau a Watari bana, sai 'yar tsutsa da ta taɓa gefen babanki.

Direba ya kawo min takardarki. Na karanta ta a zaure, na kuma karanta wa duk wanda ya shigo, har mai gyaran injin ban ruwa. Wai ke 'yar jami'a kin yi wa kanki alkawari bana ba za ki karanta labarin kowa ba sai na marubutan da ba ki taɓa jin sunansu ba, kuma ni kika zaɓa in ba ki shawara. Ni da ban iya boko ba sai da furfura ta fara fito min. Rabona da farin ciki irin wannan tun ranar sunanki.

To ga nawa. Nemi Zubair Romo. Littafinsa siriri ne, a kan wani mai gyaran keke da ya rantse ba zai taɓa shiga mota ba, sai ga kujerar Makka ta faɗo masa. Mun yi dariya a ajin yaƙi da jahilci har malaminmu ya yi fushi. Nemi kuma Humaira Abdulbasit, wadda ta rubuta labarin ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari amma ba a gayyatarta biki. Kada ki karanta shi da yunwa, girki ya yi yawa a ciki.

Na uku shi ne wanda nake so ki nema min da gaske, sai dai ban san sunansa ba, ban san marubucinsa ba.

A ajinmu na yaƙi da jahilci, bayan la'asar muke shiga firamare, mu magidanta, mu zauna a bencin yara gwiwa har haɓa. Littattafai ba su isa ba, saboda haka in malam ya kawo ɗaya, reza muke sa wa mu tsaga shi biyu ta baya. Kowa ya tafi da rabi, in an gama a yi musaya. Ba wanda ya ɗauki hakan ɓarna. A wurinmu wanda ya riƙe littafi cikakke shi kaɗai, marowaci ne.

Wannan littafi ya zo mana ba bango. Ni na samu farko, aminina Abdulmumini ya samu ƙarshe. Labarin wani mai haƙa rijiya ne, Basiru, da ya shiga rijiya mai zurfi, ƙaninsa da suka yi rigimar gona yana riƙe da igiya. Rabina ya ƙare daidai inda igiyar ta faɗo masa a ka, ga hadari ya haɗo. Na garzaya wurin Abdulmumini. Ashe shi bai ko buɗe nasa ba, wai ba ya fara abu daga ƙarshe, sai ya soke shi a jinkar ɗaki yana jiran nawa. Da muka ciro, gara ta gama da shi. Malam kuwa an canja masa wurin aiki a watan.

Kakarki Aina'u, Allah Ya jiƙanta, ita nake karanta wa tana tankaɗe. Har ta koma ga Allah, in ta ga na yi shiru sai ta ce, "Malam, wai har yanzu bawan Allahn nan yana cikin rijiya?" Ita ta tsaya a kan matarsa ce za ta fito da shi. Ni na ce ƙanin ne zai yi nadama ya dawo. Mun tsufa muna wannan musu.

Ga rabin nawa na sa miki a leda, ko wani zai gane shi. Ki gaida ƙawayenki.

Kakanki, kuma angonki,
Kamilu.

Bagwai, ranar Asabar.

Ramlat,

Sallama da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya jarrabawa? Na ji daɗi da kika samu na mai keken, kuma kika yi dariya a inda muka yi.

Kin tambaye ni me ya sa rubutuna ya zama manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Tunda kin lura, bari in gaya miki. Yanar ido ce take rufe min gani. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ke lallaɓawa. Likita ya ce za a yi aiki, amma ba a sa rana ba, kuma na san waɗanda aka yi wa suka gani, na san waɗanda aka yi wa ba su gani ba.

Kin ce in kin samu littafin za ki karanta min ta waya. Allah Ya yi miki albarka, amma a'a. Da wahala na samu karatun nan, ina dawowa daga gona hannu duk kanta, fensir yana zamewa. Ina so in ga fitowar mutumin nan, ko rashin fitowarsa, da idona, tun yana nan. In bai samu ba, kada ki takura kanki, karatunki ne gaba. Amma in za ki nema, ki ɗan yi sauri.

Kakanki,
Kamilu.

Bagwai, ranar Litinin.

Zuwa ga Ramlat, hasken idona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida malamarki Hafsatu gaisuwa ta musamman, wadda ta kalli tsohuwar takarda ta gane mahaifinta yana da irin littafin, har ta yarda ta ara mana. Allah Ya saka mata. Ashe sunansa Igiyar Rama, ashe kuma mace ce ta rubuta, Fadima Jamil. Ki sa ta a sahun gaba cikin marubutanki. Ke kuma da kika karanta kika ƙi gaya min komai, kin iya riƙe baki kamar kakarki.

Yanzu ga abin da za ki fara lallashin malama a kai.

Ranar da littafin ya iso babanki ya goya ni a babur sai gidan Abdulmumini. Ya riƙe littafin yana shafawa. Sai ya ce shi har yau ba ya fara abu daga ƙarshe, daga farko zai soma. Na ce ni idona ba zai jira shi ba, karatunsa kamar tafiyar hawainiya yake. Muka kalli juna. Wallahi Ramlat ba mu yi shawara ba. Shi ya miƙa hannu ya ɗauko reza a taga, ni na riƙe masa, muka tsaga shi tsaf yadda muka saba, ko harafi ɗaya bai taɓu ba. Muna murna da kyan aikinmu babanki ya leƙo, ya dafe kai ya ce, "Baba, littafin mutane ne fa." Sai a lokacin na tuna duniya ta canja.

Ki gaya wa malama kada ta tayar da hankali. Na yi magana da Khalilu baduku, zai ɗinke shi da zare mai ƙwari ya sa masa bangon jar fata, ya fi yadda ya zo ƙarko. In kuma ranta ya ɓaci, ki ce laifin tsofaffi biyu ne, ni da kaina zan zo in ba ta haƙuri. Sai dai ta ɗan ƙara mana lokaci, don jiya Basirun Abdulmumini ya fara haƙa. Na sa ya ajiye rabinsa a cikin gwangwanin madara mai murfi, na kuma je na duba da kaina.

Ni kuwa kowane hantsi nake fitowa da tabarma tsakar gida inda rana ta fi haske, in kawo takardar dab da hanci, in bi da yatsa. Wani layin sai na rufe ido na huta kafin in ƙarasa. Jiya na kai inda matar ta ga hadari, ta ga ƙanin ya dawo gida shi kaɗai yana kauce wa idonta. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta kwance jaki, ta ƙulla zannuwan aurenta da igiyar guga, ta fita cikin ruwa.

Da na ga fitowarsa da idona, na rufe takardar, na tashi na je ƙofar ɗakin kakarki, inda muke shanya albasa yanzu. Na tsaya na ce, "Aina'u, ya fito. Ke ce da gaskiya." Sannan na yi mata addu'a.

An aiko daga asibiti, ranar Alhamis mai zuwa za a yi aikin. Babanki sai zullumi yake, ni kuwa barcina nake sha. In an dace, ki tanadar min ɗaya daga cikin baƙin marubutanki, na yi alkawarin ba zan kusance shi da reza ba. In ba a dace ba, alhamdu lillahi, na bar kowa a waje.

Naki har kullum,
Kakanki Kamilu.