Ƙwaryar Inna Turai

Birnin Kudu

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara, da fatan Dingaya lafiya. Tunda wayarki ta faɗa rijiya na koma takarda, kuma ni hakan ya yi mini, kamar a littafi.

Yaya, akwai wata dattijuwa mai nono, Turai, da take zuwa gidan hayarmu duk ranar kasuwa. Ta ce daga wajenku take. Duk ɗakunan gidan, ƙofata kaɗai take tsugunawa. Tun da cikina ya fito, gyarar da take mini ta fi abin da na saya, har da man shanu. Amma da mijina Munzali ya shigo sai ta juya fuska bango, shi ma ya wuce kamar bai ga mutum ba. Na sha karanta irin wannan: ko tsohuwar gaba ce, ko 'yarta aka hana shi. Har na ba Hajiya Sharifa, matar mai gidan hayar, labari.

To, ragon Hajiya ya ɓata. Jiya tsohuwar na shigowa Hajiya ta tare ta: "Ku 'yan ruga, uwa ta shigo da nono da rana, 'ya'ya su shigo da igiya da dare! Ai an ce kullum idonki na kan ƙofofin mutane." Samari suka taru, wani ya ture ƙwaryar, nono ya malale har bakin ɗakina. Munzali na tsaye da makullin babur a hannu, bai ce uffan ba. Ta rufe fuska ta fita, ko ƙwaryar ba ta ɗauka ba.

Da la'asar aka ga ragon a maƙwabta yana cin dusa.

Ƙanwarki,
Jannat

Dingaya

Jannat,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Zauna kafin ki karanta, ke mai ciki ce.

Ke da littattafanki! Wace 'ya aka hana shi? Inna Turai ita ta haifi mijinki.

Ni ma jiya na ji, tuwona ya ƙone ban sani ba. Rugarsu na bayan gonar Malam, shanunsu ne ke mana taki da kaka. Da ta dawo ba ƙwarya ta kwanta, ƙanin mijinta, Bappa Abu, ya zo ya faɗa wa Malam komai. Munzali ɗan farinta ne. Ana yaye shi aka ba Alhaji Ɗanladi, mai masaukinsu a kasuwar shanu, riƙonsa. Matarsa, Hajiyar da kike durƙusa wa a matsayin suruka, mariƙiya ce. Su kuwa mutanen ruga, a al'adarsu uwa ba ta kallon ɗan fari, ba ta kama sunansa, ko da a bakin kabari ne. Ranar aurenku ta zo, a waje ta zauna cikin masu nono.

Kasuwar Gwaram na kusa da ita, amma sai ta hau mota har Birnin Kudu, ribar ta ƙare a hanya, don dai ta ga ƙofarsa. Ƙannensa ba wanda ya shiga aji, makarantar da aka yi musu alkawari har yau inuwar tsamiya ce. An nome burtalin da shanunsu ke bi, a rijiya kuma sai kowa ya gama suke ɗiba. Shi kaɗai ya fita.

Ita kunya ta ɗaure mata baki. Shi me ya ɗaure nasa? Tambaye shi.

Yayarki,
Barira

Birnin Kudu

Yaya,

Salamu alaikum. Na tambaye shi. Na wanke ƙwaryar na ajiye gabansa a maimakon abinci, na ce, "Ta wace ce wannan?"

Ya daɗe yana kallon ɗinkin da ke gefenta. Ya ce shi ya fasa ta yana yaro, da aka kai shi hutu ruga.

Na ce, "Kana tsaye aka kira ta uwar ɓarayi!"

Ya ce, "Jannat, Alhajin gidan nan da bakinsa ya ce ba ya ba ɗan ruga haya. A shagon da nake aiki ni ke riƙe da makulli. Ranar da suka ji, ko allura ta ɓata ni ne. Kuma babanku da ya sani, zai ba ni ke?"

Yaya, na buɗe baki in ce ƙwarai, sai na tuna abin da Baba yake faɗa idan shanu sun gifta gonarsa. Shi kuma ya yi kuka, irin wanda ban taɓa karantawa a ko'ina ba.

Na ce masa ɗan da ke cikina ba zai sayi nono a hannun kakarsa ba. Ranar Asabar zan mayar mata da ƙwaryarta.

Taki,
Jannat

Yaya,

Gaisuwa. Direba ya ce gobe da hantsi za mu iso. Na kama wurin mutum biyu. Munzali bai ce zai zo ba, amma ya tambaye ni wace irin atamfa tsofaffi ke so.

Ki tsaya a bakin titi. In kin ga mun sauko mu biyu, ki rangaɗa guɗa har ruga ta ji. In ni kaɗai ce, ki karɓe mini ƙwaryar, ki nuna mini hanya, kada ki tambaye ni komai.

Jannat