Kalma Ɗaya Ta Shiga Tsakanina da Jikata

Malama Tuyet, don Allah ki agaza mini, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana.

Shekaruna saba'in da ɗaya, tsohon malamin lissafi ne ni a nan birnin Hue. Tun da matata ta rasu gidan ya yi mini girma. Shinkafa ma in na dafa sai ta kwana biyu. Ɗana ɗaya ne, Khoa, yana Ostireliya da iyalinsa. 'Yarsa Diem shekararta tara, ba ta jin yarenmu sosai, shi ya sa na sayi littafi na fara koyon Turanci da tsufana, ina ta maimaita kalmomi ni kaɗai a baranda, maƙwabta na leƙe.

Duk Lahadi takan turo mini zanenta ta waya. Wata biyu da suka wuce ta zana kakarta, marigayiya matata, a kan keke, da malafarta. Na daɗe ina kallo, har da hawaye. Na so in rubuta awesome, wato ya yi kyau ƙwarai, sai na rubuta awful. Na ɗauka duk ɗaya ne tunda farkonsu ya yi kama. Ashe ce mata na yi zanen ya yi muni.

Daga ranar zane ya ɗauke. Sai makon jiya Khoa ya gaya mini dalili, yana dariya, wai yarinya ce, za ta manta. Ni da na shekara talatin ina gyara kuskuren 'ya'yan mutane! Na rufe littafin. Ina tsoron in je ba ta haƙuri in sake kwafsawa. Ko in haƙura da Turancin ne kawai?

Wani kaka a Hue

Amsar Malama Tuyet: Baba, kada ka haƙura. Ka buɗe littafin nan yau.

Ka duba ɓangaren Diem. Ta zuba zuciyarta a zane, kalma ɗaya ta dawo mata, kuma har yanzu ba ta ji gyara daga bakinka ba. Shirun nan ya fi kalmar ciwo. Khoa ya yi sakaci da ya bar maganar ta daɗe haka, amma ina jin kunyarka yake gudu.

Kada ka rubuta, ka kira ta a bidiyo ta ga fuskarka. Ka gaya mata zanen ya sa ka kuka don daɗi, Khoa ya cike abin da ya gagare ka.

Daga nan ka ware shafi don kalmomi masu kama da juna, kowacce da jimlarta, ba ita kaɗai ba. Wadda kake shakka, ka duba ƙamus kafin ka tura, ko ka ɗauki mai sauƙi da ka tabbatar. Ka kuma nemi ajin Turanci na manya a unguwarku. Koyo cikin mutane ya fi na baranda.

Za ka sake yin kuskure, Baba. Ka gaya wa Diem haka tun yanzu, ka ce in ta gani ta tambaye ka kafin ta yi fushi. Ina yi muku fatan alheri.