Ajin Mutum Ɗaya

Litinin, 15 ga Satumba, 2025

Yau aka koma makaranta, ban da Madina. Na cire ta. Shekararta takwas, aji uku, na miƙa mata littafinta a juye, ta rera mini shafin tas har da gyaɗa kai. Hadda ce zalla! Su tamanin ne a ajinsu, rabi a ƙasa, malama ɗaya. Ban ga laifin malamar ba, ni ma shekara goma sha ɗaya na yi a wannan aiki kafin ciwon maƙogwaro ya sa na ajiye alli.

Baban Madina ya amince. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ƙi. Wai an ware yarinya kamar mai ƙyanda. Ta sa mini wa'adi zuwa ƙarshen zango: in Madina ba ta yi karatu a gabanta ba, ta koma a Janairu. Na ce na yarda. Mutum ɗaya fa! Ni da na riƙe tamanin.

Laraba, 17 ga Satumba

Kafinta ya kawo allo, na jingina shi a gindin dalbejiya. Murfin tukunya da cokali su ne ƙararrawa. Na kira suna, ta amsa. Wallahi daɗi na ji.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Komai na tafiya sumul. In na faɗa ta maimaita. "Kin gane?" "Na gane, Malama!" Baban Madina ya ce daga bakin masallaci yake jiyo darasin, shi ma ya kusa sauke baƙaƙen. Ya ji da shi.

Talata, 21 ga Oktoba

Tabitha ta biyo daga Ƙofar Kaura. Tare muka koyar, ita har yanzu tana can. Ta zauna a turmi tana kallon darasi, can sai ta fashe da dariya. "Safiya, wa kike wa ihu? Ina sauran saba'in da taran?"

Ta rubuta kalma ɗaya a takarda, kaza, ta ba Madina. Yarinyar nan ko kallon takardar ba ta yi ba. Bakina take kallo, tana jira in fara ta bi. Wata guda da mako ɗaya!

Na ji haushin Tabitha ƙwarai. Rakiyar ma iya zaure na yi mata.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ban buga murfi ba yau. Yaran da suka wuce ta hannuna nake tunani, duk suna "Mun gane, Malama", ni kuma ina ta jin kai. Na raba Madina da ajin, ashe ajin yana cikin bakina. Kunya ta ishe ni.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mun koma tabarma. Littafin da ta haddace na ɓoye. Yanzu gwangwanin madara muke karantawa, da kwalin ashana, da buhun gishiri, harafi bayan harafi. Muryata takan kufce sama. Jiya ta toshe kunne ta ce, "Umma, ga ni nan kusa fa."

Abu ɗaya ya gagara: sa ta ta furta "ban gane ba". Har alewar madara na sa lada, ta ƙi. Wai a makaranta duk wanda ya faɗi haka dariya ake masa. Gara ta ƙirƙiro. Gishiri yau ya zama "gyaɗa".

Saura wata guda. Ina jin tsoro, ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 12 ga Disamba

Hajiya ta zo daga Ƙofar 'Yandaka bayan an sauko daga masallaci. Muka gaisa, ta sha kunu, sannan ta zaro katin biki daga jakarta. Ba ta yarda da littafina ba ke nan.

Madina ta fara, a hankali kamar mai tsintar shinkafa. Iyalan Malam Nasiru... suna farin cikin... sai ta tsaya cak. Ta dubi bakina. Na damtse shi. Ta mayar da ido kan katin, ta sa yatsa ta ce, "Umma, wannan ban gane ba."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba!

Hajiya ta ce, "Ke, lahiya? Ɗiya ta ce ba ta gane ba kina guɗa? Mi ya same ki?"

Na ce Madina ta yanka kalmar gaɓa-gaɓa. Gay-ya-tar. Gayyatar! Ta kai ƙarshen katin, har da sunan unguwa. Hajiya ta ce to, Madina ta zauna gida, amma duk Juma'a a kai mata ita ta karanta mata takardun magani. Alhamdu lillahi. Alewa biyu na ba Madina.

Lahadi, 14 ga Disamba

Allon ya samu aiki, kuɓewa nake shanyawa a kai.

Tabitha ta kira. Wai akwai yara biyar a bayan ajinta masu kallon baki, ko zan riƙa leƙa su ranar Asabar a gidanta. Na ce zan yi tunani, ni na bar koyarwa. Ba wai zuwa zan yi ba. Gwangwanayen dai na wanke na zuba a buhu, na kuma naɗe tabarmar da ta fi faɗi.