Tiyon da Ya Tsage

Milutin,

Na tafi kasuwar Leskovac da tattasai, ban tashe ka ba. E, da motar na tafi.

Kwana uku kana cewa kafireta ce. Ka sauya fulogi, ka zagi wanda ya sayar mana da motar, amma da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi ta karkarwa ta mutu. Da safen nan na buɗe bonet na kasa kunne, na ji tana shan iska ta wani siririn tiyo da ya tsage a bayan inji. Na toshe da yatsa, silo ya zauna, karkarwar ta tsaya.

Babanka ya leƙo ta taga ya ce, "Zorka, ɗan nawa ya sani?" Na ce kana barci. Ya ce in yi sauri.

Tattasan ba zai kai gobe ba, shi ya sa ban jira a buɗe shagon kayan mota ba. Ka yi haƙuri, na yanki taƙi ɗaya daga tiyon da kake zuƙo barasa a ganga. Ya shiga daidai.

Na gaya wa maƙwabta kai ka gyara. Ka shafa baƙin mai a hannu kafin ka fito.

Zorka