Ƙa'ida ta Bakwai: Ban da "Ni" a Sharhin Waƙa

Litinin, 3 ga Maris
Edita ta turo ƙa'idojin rubuta sharhi a shafin nasu na intanet. Sunan faifai a kwantar da haruffansa, sunan waƙa a saka shi cikin alamar zance. Sakin layi kada ya wuce jimla uku, wai a waya ake karantawa. Kalma ɗari biyar, taurari a ƙarshe. Ta bakwai ce ta tsaya min a wuya: mai sharhi kada ya ce "ni". Shekara ashirin da shida ina gabatar da shirin waƙoƙi a rediyo, yau sa'ar 'yata ce za ta nuna min inda ake ɗiga aya.

Laraba, 5 ga Maris
Faifan da aka ba ni na wata sabuwar mawaƙiya ne, waƙa tara. Na saurara sau uku a falo, daga ni sai fanka. Ta shidan ce ta kama ni. Tana jan numfashi kafin amshi, sak yadda marigayiya matata take yi in tana wanke-wanke tana rerawa. Na kashe, na daɗe zaune.

Alhamis, 6 ga Maris
Na rubuta, kalma ɗari tara. Na tura.

Asabar, 8 ga Maris
Ya dawo jajir da gyara. Duk inda na ambaci matata ta cire. A gefe ta rubuta: "Baba, ya yi kyau, amma a duba ƙa'ida ta bakwai." Wai kuma na manta taurari. Ban manta ba.

Auta ta kira daga wurin aiki, minti biyu. "Abba, ka ci abinci?" Na ce na ci. Ban gaya mata ba.

Talata, 11 ga Maris
Ban amsa wa Edita ba. Yau mai kanti kaɗai na yi wa magana, shi ma sannu ce.

Alhamis, 13 ga Maris
Edita ta kira da kanta. "Baba, in gobe ta wuce dole in ba wani faifan nan, kuma ba na so." Na ce mata rubutun da babu mutum a ciki ai takardar magani ce. Ta ce, "Allah ya jiƙan Mama. Amma yarinyar nan shekara biyu ta yi tana haɗa faifanta, kuma a kalma ɗari tara sau biyu kacal ka ambace ta."

Da muka ajiye waya na ƙirga. Sau biyun ne.

Juma'a, 14 ga Maris
Na sake tun daga fari. A kan yarinyar: muryarta, gangar da ta danne ta a waƙa ta uku, numfashin nan na ta shida. Taurari huɗu. Abin da na rubuta a kan marigayiya na kwafe shi a bayan wannan littafin. Dama nan ne wurinsa, ina jin.

Laraba, 19 ga Maris
An buga. Mutum goma sha ɗaya sun bar ra'ayi a ƙasa. Ta ƙarshe mawaƙiyar ce da kanta: "Baba, mai haɗa sauti ya so ya goge numfashin, na hana. Ba wanda ya lura sai kai." Na karanta wa falo da ƙarfi. Abin kunya.

Lahadi, 23 ga Maris
Edita ta ce duk Litinin da safe marubutan suna haɗuwa a ofis su saurari sababbin fayafayi tare. Na ce mata zan duba, ba alkawari. Mota biyu ake hawa, ga gwiwar nan.

Takalmin fita ya bushe, na kai an goge min. Ba wani abu ba ne, dama yana buƙata.