Shayi Kofi Biyu

Assalamu alaikum, Hadiza. Ya gida, ya maigidanki da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Ƙofar Ran lafiya.

Jiya na kalli fim ɗin barkwancin da kika turo. Na sha dariya har inda baƙin tsohon nan suka watse. Sai kiɗa ya ɗauke, kyamara ta tsaya kan fuskarsa, ya zuba shayi kofi biyu, ya zauna yana kallon ɗayan. Ba a ce matarsa ta rasu ba, amma na gane, don tun rasuwar mahaifiyarki sau uku ina yin haka.

Ki sa mu a addu'a, ni da ita. Ki gaida yara, ki ce su riƙa kirana ko ba dalili.

Babanki.