Lambunan da Ban Taka Ba

Asabar, 28 ga Yuni, 2025

Na kai su filin jirgin Doha da safe: maigidana Abu Rashad, madam, yara uku da Adjara mai reno. Akwati goma sha ɗaya, bayana shaida ne. Sai ƙarshen Agusta za su dawo daga Faransa. Maigida ya maimaita min karatun bara: a riƙa tada motoci, a ba bishiyar lemon tsami ruwa, kada in bar gida fiye da awa ɗaya. Ya nuna min wayarsa, wai kyamarar ƙofa tana ciki. Direba ya koma maigadi ke nan.

Litinin, 30 ga Yuni

Saƙon Mansuratu daga Funtuwa: "Baba, kun sauka lafiya?"

Na ce lafiya lau, sai ɗan sanyi. Ina faɗa gumi na ɗiga a kan wayar.

Bara abin ya samo asali. Na ce mata mutanen gidanmu za su Faransa, sai na ji ta kwasa da gudu tana shela wai Baba zai je Faransa. Shekara huɗu rabon da in ji 'yata ta yi irin wannan murna a kaina. Na kasa tsinka mata ita. Ga shi yanzu ta ɗauki darasin Faransanci a makaranta saboda ni.

Alhamis, 3 ga Yuli

Adjara ta fara turo hotuna, Allah ya saka mata. Ba cikin Paris suke ba, a wani gari ne na gefenta, Saint-Cloud. Akwai lambu a wurin da ta ce ya fi unguwarmu ta Al Thumama girma. Ciyawa shar, ruwa na gangarowa kan matakala, tsofaffi sun shimfiɗa zane suna barci ba mai tashinsu. Na tura wa Mansuratu, na haɗa da bayani na minti shida. Har ƙamshin ciyawar na kwatanta mata. Kai Haladu, ka ji tsoron Allah.

Lahadi, 6 ga Yuli

Zafi arba'in da shida. Na tada motoci, na kashe. Na ƙirga tayil ɗin tsakar gida, ɗari uku da goma sha biyu, kamar bara.

Laraba, 9 ga Yuli

Jiya madam ta ja su gidan zane-zane a Vitry. Adjara ta ce wani ɗaki guda ba komai ciki sai kujeru a rataye da igiya, mutane na tsaye sun riƙe haɓa. A titi kuma an zana fuskar wata mata a bangon bene tun daga ƙasa har sama. Na sayar wa Mansuratu labarin yadda na saye shi, na ƙara gishiri. Ta yi ta dariya, ta ce in maimaita na kujerun.

Yau kuma kasuwar Saint-Denis. Hoton dogon burodi a hannu, da wani cuku mai farin baya da Adjara ta rantse warinsa sai ka toshe hanci, amma daɗi kamar me. Na tura wa Mansuratu. Ni kuwa shinkafar jiya na ɗumama.

Gaskiya ina jin haushin Adjara. Ba laifinta ba ne.

Juma'a, 11 ga Yuli

Masallaci da dawowa, minti hamsin. Sunusi direban maƙwabta ya ce mu je Wakrah cin kifi. Na nuna masa kyamara da baki.

Litinin, 14 ga Yuli

Tsuntsun da ya ja ruwa.

Mansuratu ta nuna wa malaminsu na Faransanci, Malam Gariba, hotunan. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ran Juma'a, kafin a ba da hutu, in kira su ta bidiyo daga cikin lambun, ɗaliban aji su ga Faransa da idonsu. Yara arba'in da wani abu. Ita ce za ta tsaya a gaba ta gabatar da ni.

Na ce to. To ɗin me, ban sani ba.

Talata, 15 ga Yuli

Na zaga gidan nan kaf ina neman kusurwar da za ta yi kama da Faransa. Bango, bango, bango, sai lemon tsami mai ganye kamar an toya. Na yi tunanin in ce waya ta faɗa ruwa. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, sai na tuna uwarta za ta ɗaga hankali.

Na kira Adjara. Tana wani wuri a Montreuil inda ta ce an gina dogayen katangu tun zamanin da don kawai itatuwa su jingina su sha ɗumi. Ta saurare ni tsaf. "Malam Haladu, hoto na ba ka, amma fuska ba zan iya ba ka aro ba. Faɗa ma yarinya gaskiya, khalas, shi ke nan." Ta ce ita ma ba yawo take ba, jakar yara da keken jariri take turawa tun safe, ciyawar nan ko sau ɗaya ba ta zauna a kai ba. Ban taɓa tambayarta ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Ban iya cin abinci ba. Ba kunyata nake ji ba, tata nake ji. A ce ta tsaya gaban aji ubanta ya kunyata ta.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kira ta bayan la'asar, ta bidiyo, na juya wayar ta ga bangon, ta ga motoci a lulluɓe, ta ga ɗakina na bakin ƙofa. Na ce Mansuratu, babanki bai taɓa zuwa Faransa ba. Ko bara.



Sai ta ce, "Baba, ai na sani. Hannun da ke riƙe da burodin akwai lalle. Na bara ma akwai."

Na ce to me ya sa kike ta tambayata?

"In kana Doha, lafiya lau kawai kake cewa ka kashe. In kana Faransa kana yin minti shida."

Kiran bidiyon ma, ashe Malam Gariba ne ya ɗora mata, ta rasa yadda za ta ce a'a ba tare da ta ƙaryata ni ba. Kwana uku ita ma ba ta da sukuni. Ni ina nan ina rufa mata asiri, ashe ita ke rufa min nawa.

Da muka gama wayar na yi kuka. Ba wanda ya gani, kyamarar nan ƙofa kawai take kallo.

Juma'a, 18 ga Yuli

Adjara ce ta kira ajin. Madam ta ba ta minti goma. Mansuratu ta gabatar da ita a matsayin Anti Adjara, abokiyar aikin Baba. An ce yara sun yi ta ihu da suka ga ruwan matakala. Adjara ta ce dole ta zauna a kan ciyawa don hoton ya fito da kyau. Ta ce ciyawar da laushi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ba wani abu. Na tada motoci.

Lemon tsamin ya fitar da 'ya'ya biyu a ƙasan reshe, ƙanana kamar gujiya, ban lura ba sai yau. Na ɗauki hotonsu da hannuna a ciki, na tura mata. Na ɗan yi bayanin yadda nake ba shi ruwa tun kafin rana ta fito, da Sunusi da surutunsa, da tayil ɗari uku da sha biyu. Shirme dai.

Da na duba, saƙon ya yi minti tara.